Inshorar mota a Najeriya: tambayoyin masu mota da amsoshinsu

Yawancin masu mota a garuruwanmu sun ɗauki inshora a matsayin ɗaya daga cikin takardun mota, wadda ake ninkewa a ajiye a aljihun gaba don ranar da jami'i ya ɗaga hannu a hanya. Kaɗan ne suka san cewa wannan takarda tana iya biya musu miliyoyin naira, kuma da yawa suna yawo da ta bogi ba su sani ba. Ga tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu mota, musamman kan zaɓen irin inshorar da ta dace da neman rangwame ta hannun ejan na gari.

Wai dole ne sai na yi wa motata inshora?

Dole ne. Tun 1945 aka kafa dokar da ta hana ɗora mota a kan titi ba tare da inshorar ɓangare na uku ba, wadda ake kira tad fati a tasha da ofishin lasin. Dokar Inshora ta 2003 ta ƙarfafa wannan, sannan a watan Agustan 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan sabuwar dokar gyaran harkar inshora wadda ta tattara tsofaffin dokokin wuri guda, wajibcin kuma yana nan daram. Daga 1 ga Fabrairun 2025 rundunar 'yan sanda, a ƙarƙashin Sufeto Janar na lokacin, Kayode Egbetokun, ta fara tsananta binciken wannan takarda a faɗin ƙasa. Babur da adaidaita sahu ma ba a cire su ba.

Abin da doka ta tilasta shi ne wannan kawai. Duk wani ƙari a kansa ganin damarka ne.

To me wannan inshorar ta dole take biya?

Tana biyan ɓarnar da motarka ta yi wa wani. Ɓangare na farko kai ne, na biyu kamfani, na uku kuma duk wanda tsautsayi ya haɗa ku a hanya: mai motar da ka buga, ɗan acaɓar da ka ture, mai shagon da ka rushe wa katanga, yaron da ya tsallako titi. Idan dukiya ce ta lalace, kamfani zai biya har naira miliyan 3 ga motar gida. Idan rauni ne ko rasa rai, ba a yanka wa diyyar wannan iyaka ba, ana duba kuɗin asibiti da girman abin da ya faru.

Abin da ba ta biya shi ne naka. Bambarka da ta fashe, fitilarka, gilashinka, ƙafarka da ta karye, duk aljihunka ne. Idan aka sace motar ko ta kama da wuta, wannan takarda ba ruwanta. A nan ne rigima ke yawan tashi tsakanin mai mota da ejan, domin mutum ya biya na dole yana zaton ya sayi kariya ga motarsa.

Amma ka juya maganar. Idan wani ne ya buge ka, kuma yana da inshora ta gaskiya, kai ne ɓangare na uku, kamfaninsa ne zai gyara maka mota. Wannan haƙƙi ne da mutane da yawa ke bari a bakin titi.

Nawa ne kuɗinta?

Hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ita ce ta yanka farashi, kuma wanda ya fara aiki daga 1 ga Janairun 2023 shi ne: motar gida naira 15,000 a shekara, bayan ta daɗe a kan 5,000, iyakar diyyar dukiya kuma ta tashi daga miliyan 1 zuwa miliyan 3. Motar da ke ɗaukar kayan mai ita 20,000 ce da iyakar miliyan 5. Manyan motocin dakon kaya 100,000 da iyakar miliyan 5. Adaidaita sahu 5,000 da iyakar miliyan 2, babur kuma 3,000 da iyakar miliyan 1.

Wani ya ce zai yi min a dubu bakwai. Ba rangwame ba ne wannan?

Malam, ba rangwame ba ne. Farashin inshorar dole ɗaya ne a kowane kamfani, daga Sakkwato har Legas, kuma babu ejan da ke da ikon rage shi. Wanda ya ce zai yi maka a ƙasa da farashin hukuma takarda kawai zai buga maka a kwamfuta, da tambarin kamfani da hatimi mai kyau, amma babu kamfanin da ya san da zamanka. Wani lokaci ma sunan kamfanin da ke jikin takardar an daɗe da soke lasinsa, ko kuma bai taɓa wanzuwa ba.

Wannan ta fi faruwa da waɗanda ke miƙa kuɗin sabunta takardu a dunƙule ga 'yan kamasho, su ce a haɗo musu komai da komai. Ana dawo musu da takardu cif a cikin leda, ba su kuma tambayi nawa ne ya tafi ga inshora ba. Dubu takwas ɗin da ka ga kamar ka tsira da su, ranar da ka faɗa wa bayan wata sabuwar jif a danja za ka san sun yi tsada, don fitilar baya ɗaya ta irin waɗannan motoci tana iya cinye albashin wata na ƙaramin ma'aikaci.

Ta yaya zan gane tawa ta gaskiya ce?

Abu ne na minti biyu. Ƙungiyar kamfanonin inshora ta Najeriya, NIA, tana da rumbun bayanai da ake kira NIID, inda kowane kamfani ke shigar da motocin da ya yi wa inshora. Ka danna *565*11# a wayarka ka bi umarnin, ko ka shiga shafin askniid.org ka rubuta lambar motarka. Idan ta gaskiya ce za ka ga sunan kamfani da irin motar da ranar ƙarewa. Jami'an hanya ma da wannan rumbun suke amfani.

Shawarata ita ce ka duba tun kana tare da wanda ya yi maka. Idan ya ce sai an jima kafin ta hau, ka ba shi kwana ɗaya ko biyu, ka sake dubawa. Idan ba ta fito ba ka koma masa, kada ka jira sai a shingen bincike. Ka kuma lura da lambar mota da lambar shasi da aka rubuta, domin harafi ɗaya da aka kuskure yana iya zama dalilin jan ƙafa ranar biyan diyya.

Mene ne bambancinta da cikakkiyar inshora, kuma wa ya kamata ya yi cikakkiyar?

Cikakkiyar inshora, wadda ma'aikatan kamfani ke kira kwamfirehensif, ta haɗa duk abin da ta dole ke biya, ta ƙara da motarka kanta: hatsari ko da kai ne da laifi, gobara, da sata. Kuɗinta ya danganta da darajar mota. Umarnin NAICOM na 2023 ya ce kada ya gaza kashi 5 cikin ɗari na darajar da aka rubuta, bayan an cire kowane irin rangwame. Ke nan motar naira miliyan 10 ba za ta gaza 500,000 a shekara ba.

Akwai ta tsakiya, wadda ta ɗora gobara da sata a kan ta dole amma ba ta biyan gyaran hatsarinka. Wasu kamfanoni kuma suna da wani tsari da ke ƙara ɗan kuɗi a kan na dole su ɗauki gyaran motarka zuwa wani ƙayyadadden adadi. Masu tsofaffin motoci su tambayi wannan, yana da amfani ƙwarai.

Game da wanda ya kamata ya yi cikakkiya, tambaya ɗaya nake so mutum ya yi wa kansa: in na wayi gari babu motar nan, zan iya sayen wata ba tare da na sayar da fili ko na ci bashi ba? Attajirin da ke da motoci biyar a gida yana iya haƙura da asarar ɗaya. Ma'aikacin da ya shekara shida yana tari kafin ya sayi Corolla 'yar Kwatano, wadda ita ce kai yara makaranta, ita ce zuwa aiki, ita ce kai mahaifiya asibiti, shi ne ya fi kowa buƙatar cikakkiya, kuma shi ne ya fi jin nauyin kuɗinta. Na san 500,000 ba wasa ba ce a wannan zamani. Amma in kuɗin cikakkiya ya gagara, a nemi ta tsakiya, kada a tsaya a kan ta dole kawai don ba a san akwai wani zaɓi ba. Motar da aka saya da bashin banki kuwa, bankin da kansa zai shardanta cikakkiya.

Tsohuwar motar da kuɗinta bai taka kara ya karya ba, ta dole ta wadatar. Kamfanoni da yawa ma ba sa son ɗaukar motar da ta tsufa sosai a cikakken tsari.

In na rage darajar motar a takarda, ai kuɗin zai ragu ko?

Zai ragu, diyyar ma ta ragu da shi, kuma ba sai an sace motar ba. A ce motarka ta kai miliyan 10 a kasuwa, ka rubuta miliyan 6 don ka biya 300,000 maimakon 500,000. Sai aka yi hatsari, gyara ya kama miliyan 2. Kamfani zai ce kashi 60 cikin ɗari na motar ka yi wa inshora, don haka kashi 60 na gyaran zai biya, wato miliyan 1.2, sauran 800,000 naka ne. In kuwa an sace ta, ba za ka ga abin da ya wuce miliyan 6 ba, kuma ba za su saya maka irinta ba.

Akwai waɗanda suka faɗa wannan rami ba da niyya ba. Tun da darajar naira ta faɗi daga tsakiyar 2023, farashin motoci ya yi tashin gwauron zabi, amma mutane suna ta sabunta inshora a kan tsohon adadin da suka sayi motar. Duk shekara kafin ka sabunta, ka leƙa wurin masu sayar da motoci ka ji nawa irin taka take yau. Ƙara daraja fiye da gaskiya ma asara ce, don kamfani ba ya biyan fiye da kuɗin motar a kasuwa.

To ina rangwamen yake, in dai akwai?

Akwai, amma a cikakkiyar inshora yake, kuma yana da ƙasa da ba ya wucewa, wato kashi 5 ɗin nan. Idan kamfani ya fara maka da kashi 7 ko 8, akwai filin ciniki. Idan tun farko kashi 5 aka ba ka, to cinikin ya koma kan abin da za a ƙara maka a cikin wannan kuɗin.

Na farko cikin rangwamen shi ne na rashin neman diyya. Wanda ya shekara bai kawo ƙorafi ba ana rage masa a shekara mai zuwa, ragin kuma yana ƙaruwa da shekaru. Mutane da yawa ba su san wannan tarihi yana bin mutum ba: in za ka canza kamfani, ka karɓi wasiƙar shaida daga tsohon ka kai wa sabon. Wannan ne ma ya sa ba kowane ɗan kwarzane ake kai wa kamfani ba. In gyaran fenti na dubu talatin ne, sau da yawa gara ka biya da kanka ka tsare tarihinka.

Sai rangwamen tarin motoci. Mai motoci da yawa, ko kamfani, ko makaranta mai motocin ɗalibai, in suka haɗa su a takarda ɗaya suna samun sauƙi. Ƙungiyoyin ma'aikata da na 'yan kasuwa ma suna iya zuwa a dunƙule su yi ciniki da murya ɗaya, abin da ban ga ana yi yadda ya kamata ba a wajenmu, alhali muna da ƙungiyoyi a kowace kasuwa.

Na'urar bin sawun mota tana taimakawa, wasu kamfanonin ma su suke saka ta kyauta ga mota mai tsada. Haka in ka haɗa inshorar shago ko gida da ta mota a kamfani ɗaya, bakinka ya ƙara nauyi.

Akwai kuma kason mai mota. A kusan kowace cikakkiyar inshora akwai wani adadi da kai za ka fara ɗauka a duk gyara kafin kamfani ya biya sauran. In ka yarda a ɗaga wannan kaso, ana iya rage maka kuɗin shekara. In kuma ba ka son ɗaukar komai, kana iya ƙara kuɗi a cire shi. Ka tabbata ka san adadin kafin ka biya, don shi ne abin da ya fi ba mutane mamaki ranar karɓar diyya.

Ejan ko dillali: wanne zan nema, kuma me ya sa ba zan saya ta waya kawai ba?

Ejan wakilin kamfani ne, hajar kamfaninsa yake tallatawa. Dillalin inshora kuwa naka ne: yana zagaya kamfanoni ya kwatanta farashi da sharuɗɗa ya kawo maka. Duka biyun sai da lasin NAICOM, dillalai kuma suna da majalisarsu mai rajista, NCRIB. Ladansu daga kamfani yake fitowa, don haka bi ta hannunsu bai kamata ya ƙara maka ko kwabo a kan farashi ba.

In ta dole kawai kake so, saye ta waya ko ta shafin kamfani ya isa, ya ma fi tsaro daga 'yan bogi. Amma in cikakkiya ce, ina ganin samun mutum na gari wanda ka san ofishinsa ya fi. Amfaninsa na gaske ba ranar biya yake fitowa ba, sai ranar da motarka ke kwance a gareji, hedikwatar kamfani tana Legas, ana neman takardu biyar kai kuma ba ka san ta inda za ka fara ba. Ejan nagari shi zai zo ya ga motar, ya taya ka cike fom, ya kira mai tantance ɓarna, ya bi sawun fayil ɗinka har kuɗi ya fito. Ya san garejin da kamfani ke yarda da kiyasinsa a garinku. Ya kuma san unguwar da ruwa ke ci duk damina, zai ce maka ka ƙara kariyar ambaliya tun kafin ka tambaya.

Me zan tambaye shi kafin na ba da kuɗi?

Ka fara da neman ganin shaidar cewa shi wakilin kamfanin ne, ka kuma duba sunan kamfanin a jerin masu lasin da NAICOM ke wallafawa. Ka ce ya nuna maka shafin abubuwan da ba a biya, ya karanta maka shi da Hausa in Turancin ya yi kauri. Ka tambayi kason mai mota, da kwanakin da aka ba ka ka sanar da hatsari, da wanda aka yarda ya tuƙa motar, da ko fasinjojin da ke cikinta suna da wani abu. Ka tambayi yadda ake yi da kayan gyara: in an saka sabo a madadin tsoho, za a cire maka wani abu?

Sannan ka tambaye shi mutum nawa ya taya karɓar diyya, ka nemi magana da ɗaya daga cikinsu. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan.

Kuɗi kuma a asusun kamfani ake biya, a karɓi rasit. Ƙa'idar harkar ita ce in kuɗi bai shiga ba, babu kariya. Wanda ya ce ka tura asusunsa na kansa zai kai daga baya, ko ya ce ka kawo rabi inshora ta fara aiki, ka yi hattara da shi. In kuɗin shekara ya yi maka yawa a lokaci ɗaya, ka tambaya ko akwai na wata uku ko shida, ko da yake in aka haɗa lissafi ya fi na shekara tsada.

Ni damuwata ta addini ce. Inshora ta halatta?

Wannan tambaya ce mai nauyi, kuma ita ce ta hana mutanenmu da yawa kusantar harkar gaba ɗaya. Malamai da dama sun soki inshorar kasuwanci saboda abu uku: garari, wato rashin sanin abin da za a samu a cikin ciniki, da kamanni da caca, da kuma juya kuɗin a harkokin riba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1985 cewa inshorar kasuwanci ba ta halatta ba, ta kuma halatta ta taimakekeniya wadda aka gina a kan kyauta.

Wannan ta biyun ita ce takaful. Kamfanin farko na irinta an kafa shi a Sudan a 1979. A Najeriya NAICOM ta fitar da ƙa'idojin takaful a 2013, kuma yau akwai kamfanoni masu lasi irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful da Salam Takaful. Tsarin ya yi kama da gudummawar da 'yan kasuwa ɗaya ke haɗawa idan gobara ta cinye shagon ɗayansu, sai dai an tsara shi tun kafin musiba ta zo. Abin da ka biya yana shiga asusun mahalarta a matsayin tabarru'i, wato kyauta, kamfani yana kula da asusun a matsayin wakili ko abokin mudaraba, wato mai juya kuɗi a raba riba, ana juya kuɗin a harkokin halal ƙarƙashin sa idon kwamitin malamai, in kuma an samu rara a ƙarshen shekara ana iya raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. Ga mai neman rangwame, wannan rarar ma wani sauƙi ne, ko da yake ba alkawari ba ce, ta danganta da yadda shekarar ta kasance.

Takardar takaful ta mota tana cika sharaɗin doka kamar kowace, tana kuma fitowa a rumbun NIID. Ba Musulmi kaɗai ke shiga ba. Don haka wanda zuciyarsa ba ta natsu da inshorar kasuwanci ba yana da mafita, kuma sayen takardar bogi ba ya cikin mafitar. Wanda ka buge a hanya yana da haƙƙi a kanka, ko kana da inshora ko ba ka da ita.

Ambaliya ta cinye min mota. Cikakkiya za ta biya?

Sai in an rubuta. A takardu da yawa ambaliya ƙari ce da ake saye daban, haka ma ɓarnar tarzoma da zanga-zanga. Wanda ya ga yadda ruwa ya shanye motoci a Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan fashewar madatsar Alau, ko ambaliyar da ta faru a Mokwa a watan Mayun 2025, ba sai an yi masa dogon bayani ba. Kuɗin ƙarin kaɗan ne in aka kwatanta da injin da ya sha ruwa. In kana cinikin abin da za a saka maka cikin kashi 5, ka fara da wannan.

Lalacewar inji ta tsufa, cinyewar taya da mutuwar batir ba sa cikin inshora ko wace iri ce.

Ina ɗan yin kabu-kabu da motata bayan tashi daga aiki. Akwai matsala?

Akwai. Inshorar motar gida ba ta ɗaukar haya. In hatsari ya faru kana ɗauke da fasinjan kuɗi, ko kana aikin Bolt ko Uber, kamfani yana da hujjar ƙin biya. Ka faɗa wa ejan gaskiya ya yi maka ta haya. Haka lamarin yake in wanda ke tuƙin ba shi da lasin tuƙi mai aiki, abin da ya kamata iyayen da ke miƙa wa samari makulli su riƙe.

Hatsari ya faru. Me zan yi a wurin?

Rai ne farko: a kai mai rauni asibiti. Bayan nan, kafin a matsar da motocin, ka ɗauki hoto ta kowane ɓangare, da lambobin motocin, da yadda suke tsaye a kan titi. Ka ɗauki hoton takardar inshorar ɗayan da lasinsa, ka karɓi lambar wayarsa da ta wani da ya gani da idonsa. Ka kira ejanka nan take. A sanar da 'yan sanda, musamman in akwai rauni ko rasa rai ko sata, domin kamfani zai nemi rahotonsu.

Kada ka sa bakanike ya fara kwance mota kafin kamfani ya gani ya amince da kiyasi. Kada kuma ka sa hannu a wata takardar ɗaukar alhaki ko ka yi alkawarin adadi ba da sanin kamfaninka ba.

Mu dai mun saba sasantawa a bakin titi. Laifi ne?

Sulhu alheri ne, ba kuma wanda zai hana ka cewa sannu ko Allah Ya kiyaye gaba. Amma dubi yadda abin ke gudana. Mota ta daki bayan wata a shataletale, jama'a sun taru, dattijo ya shiga tsakani yana cewa a yi haƙuri tsautsayi ne. An kira mai gyaran jiki ya shafa bamba ya ce dubu ɗari da hamsin. Wanda ya yi laifin ya rantse dubu arba'in ce a jikinsa, ya kawo, wanda aka buga ya karɓa don kunyar mutane, ya tafi ya cika sauran daga kuɗin cefane. Duk wannan ana yi takardar da za ta iya biyan har miliyan 3 tana ninke a aljihun gaban motar mai laifin, ba wanda ya tuna da ita.

Ana iya yin sulhun a kuma bar kamfani ya biya. Mai laifi ya sanar da kamfaninsa, wanda aka buga ya kai kiyasin gyara da hotuna, a bi hanya. Zai ɗauki lokaci fiye da miƙa kuɗi a hannu, gaskiya ne, amma ba wanda zai kwana da yunwa a kai.

In kamfani ya ƙi biya ko ya yi ta jan ƙafa fa?

Ka nemi dalilin a rubuce. Ka rubuta ƙorafi ga shugabancin kamfanin, ka ajiye kwafin komai. In ba a warware ba, NAICOM tana da sashen karɓar ƙorafe-ƙorafe, kai ƙorafin kyauta ne, kuma kamfanoni ba sa wasa da wasiƙar da ta fito daga can. Kotu tana nan a ƙarshe. Kafin ka sa hannu a takardar karɓar diyya ka karanta adadin da kyau, domin sa hannun yana nufin ka gamsu.

Ina shiga ƙasashen maƙwabta da mota. Inshorata tana aiki a can?

Ƙasashen ECOWAS suna da tsarin katin inshora mai ruwan ƙasa tun 1982, wanda ke biyan ɓarnar da baƙuwar mota ta yi wa ɗan ƙasa, kuma farashin 2023 ya haɗa da shi. Ka nemi kamfaninka ya ba ka shaidar katin kafin ka kama hanyar Kwatano ko Accra. Nijar da Mali da Burkina Faso sun fice daga ECOWAS a watan Janairun 2025, don haka mai bi ta Jibiya ko Illela ko Maigatari ya tambayi kamfaninsa takardar da ake karɓa a lokacin tafiyarsa. Kamaru da Chadi kuwa ba sa cikin wannan tsari, nasu katin na ƙasashen tsakiyar Afirka daban ne. Ka sani kuma kariyar motarka kanta a cikakkiyar inshora yawanci a iyakar Najeriya take tsayawa, sai an nemi a faɗaɗa ta.

Na sayi mota ta hannu, tsohon mai ita ya ce da sauran wata takwas a inshorarsa. In ci gaba da ita?

A'a, Hajiya, ki yi taki. Inshora yarjejeniya ce tsakanin kamfani da mutumin da sunansa ke jiki, ba ta bin mota zuwa hannun sabon mai ita sai kamfani ya amince ya canza suna a rubuce. In wani abu ya faru, shi ba shi da mota, ke kuma ba ki da yarjejeniya. Ranar da ake canza takardun mallaka, ranar ake yin sabuwar inshora da sunanki. Shi kuma wanda ya sayar, in cikakkiya ce, ya sanar da kamfaninsa: ana iya mayar da sauran watannin kan sabuwar motarsa, ko a dawo masa da wani kaso na kuɗin in bai karɓi diyya a shekarar ba.